Wai Keken Ɗinki Ne, Ba Kiɗa Ba

A makon jiya, bayan sallar isha'i, muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida, sai ƙanen wani abokinmu da ke karatu a jami'a ya miƙo wayarsa, ya ce mu kalli abin mamaki. Bidiyo ne na wani Bature mai dogon gashi, riƙe da jitar lantarki, yana tsaye a gaban cincirindon masu goge da masu busa da suka sha baƙaƙen kaya, yatsunsa suna gudu a wuyan jitar har ido ba ya iya binsu. Yngwie Malmsteen ne, mutumin Suwidin, a wasan da ya yi a birnin Tokyo a 2001. Babbanmu a majalisar, wani tsohon malamin makaranta da duk muke girmamawa, ya saurara kamar rabin minti, ya mayar da wayar, ya ce: "Kai yaro, wannan ai keken ɗinki ne, ba kiɗa ba."

Aka yi dariya, har da ni, domin kwatancen ya zauna. Amma na kwana da maganar a raina, saboda na shafe shekaru ina sauraron irin wannan kiɗa, kuma na san cewa hukuncin da Malam ya yanke cikin rabin minti shi ne hukuncin da masu sharhi da yawa a Amurka da Ingila suka daɗe suna yankewa: wai duk wanda ya cika sauri da ƙwarewa a jita, to kiɗansa ba shi da rai.

Ra'ayina shi ne wannan hukunci zalunci ne. Mutanen da suka ɗauko dabarun rubutaccen kiɗan Turai na ƙarnonin baya suka ɗora su a kan jitar lantarki, tsakanin ƙarshen shekarun 1960 da ƙarshen shekarun 1980, sun faɗaɗa abin da wannan kayan kiɗa zai iya furtawa, kuma sun yi hakan ne da gumi da naci irin wanda muke yaba wa kowane mai sana'a. Akwai ɓaragurbi a cikinsu, kuma zan zo kansu. Amma ba a zubar da kwandon ƙwai saboda ɓaragurbi.

Abin da suka tarar

Kiɗan rok ɗa ne ga kiɗan buluz na baƙaƙen fatar kudancin Amurka. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960, manyan masu jita irin su Jimi Hendrix da Eric Clapton da Jimmy Page suna gina yawancin kiɗansu ne a kan matakalar sauti mai hawa biyar, wadda kunnen Bahaushe ba zai ji ta baƙuwa ba, suna lanƙwasa tsirkiya har ta yi kuka kamar muryar mutum. Abu ne mai daɗi, kuma har gobe ba a daina shi ba.

Sai dai wani abu ya faru da na'urar kanta. Tsirkiyar da aka kaɗa da yatsa, ko ta garaya ce ko ta jita, sautinta yana mutuwa nan take. Goge kuwa, muddin ana jan baka a kansa, kukansa ba ya yankewa. Da aka fara ƙera manyan amfilifayoyi, irin waɗanda Jim Marshall ya soma yi a Landan a 1962, kuma makaɗa suka riƙa ƙure su har sautin ya dusashe ya yi kauri, sai aka ga sauti ɗaya na jita yana iya daɗewa yana kuka kamar na goge. A ɗaya ɓangaren kuma, wannan dusashewar tana caɓa sautuka idan aka buga su da yawa a dunƙule, don haka mai son a ji kowane sauti tas dole ya warware dunƙulen, ya jero sautukan ɗaya bayan ɗaya da sauri. To, wannan shi ne ainihin abin da masu rubuta wa gogen Turawa kiɗa suka yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Na'ura ce ta mayar da jita ƙanwar goge, makaɗan kuma suka je suka buɗe taskar yayarta.

Ritchie Blackmore na ƙungiyar Deep Purple yana cikin na farko da suka gane haka. Mahaifinsa ya saya masa jita yana ɗan shekara 11 bisa sharaɗin sai ya koye ta yadda ya kamata, saboda haka ya yi kusan shekara guda yana ɗaukar darasin jita irin na makaranta. Abokin aikinsa Jon Lord ya rubuta wani dogon kiɗa da ya haɗa ƙungiyar da babbar tawagar makaɗa ta Royal Philharmonic, aka gabatar da shi a zauren Royal Albert Hall na Landan a watan Satumba na 1969. A ganina wannan haɗin bai yi armashi sosai ba, domin ya yi kama da baƙi biyu da aka zaunar a tabarma ɗaya ba su san juna ba. Inda abin ya nuna shi ne a 1972, cikin waƙar "Highway Star", inda Blackmore ya zauna ya tsara gurbin kiɗansa, wato inda jita ke fitowa ita kaɗai ta nuna gwaninta, sauti bayan sauti a kan jerin da ya ce irin na Bach ne, shahararren Bajamushe mai rubuta kiɗa. A nan ba a gayyato masu goge ba. Jitar ce da kanta ta koyi yaren.

Bayansa sai Uli Jon Roth, Bajamushe, wanda a 1977 ya buɗe waƙar ƙungiyar Scorpions mai suna "The Sails of Charon" da wani kiɗa da ya fi kama da na mai goge fiye da na mai jita. Daga baya ma ya sa aka ƙera masa jita mai ƙarin matakai a wuya domin ya kai ga siraran sautukan da goge ke kaiwa.

Me ya sa sai Bach da Vivaldi

Akwai tambayar da ba a cika yi ba. Rubutaccen kiɗan Turai yana da tarihin ɗaruruwan shekaru, to me ya sa waɗannan samari suka tattara hankalinsu a kan ɗan yanki kaɗan: Bach wanda ya rasu a 1750, da Vivaldi wanda ya rasu a 1741, sai kuma Paganini wanda ya rasu a 1840?

Amsar tana cikin tsarin kiɗan. Kiɗan zamanin Bach da Vivaldi yana tafiya ne a kan bugu tsayayye wanda ba ya yawan ja da baya ko zabura, da jerin sautukan ƙasa da ke zagayawa suna dawowa, sannan makaɗi ɗaya ya fito ya nuna gwanintarsa kafin ya koma cikin jama'a. Wanda ya san waƙar rok ya san haka take tafiya. Bugu da ƙari, makaɗan wancan zamani suna ƙirƙirar kiɗa nan take a gaban mutane. Bach ya shahara da haka a kan babban kayan kiɗan coci mai bututu, wato ogan. Daga baya ne makarantun kiɗa suka mayar da ɗalibansu masu karanta abin da aka rubuta kawai, har ƙirƙira nan take ta kusan ɓacewa daga zaurukan manya. Abin dariya a nan shi ne, wasu samari masu dogon gashi da ake yi wa kallon 'yan tasha su ne suka dawo da wata al'ada ta Bach wadda magadansa na makaranta suka saki.

Paganini kuwa ba dabara kaɗai ya ba su ba, har da siffa. Mutumin Genoa ne a Italiya, dogo siriri mai baƙaƙen kaya, wanda gwanintarsa a goge ta sa aka riƙa raɗe-raɗin cewa ya sayar da ransa ga shaiɗan, har da ya mutu aka yi shekaru da yawa ana jayayya kafin a binne shi a maƙabartar coci. Mu ma a ƙasar Hausa mun san yadda ake danganta goge da iskoki, kuma mun san yadda ake cewa gwanin da ya wuce misali ba shi kaɗai ba ne. Franz Liszt ya ga wasan Paganini a birnin Faris a farkon shekarun 1830, ya koma ya dukufa har ya zama a fiyano abin da Paganini yake a goge. Wato abin da Malmsteen ya yi bayan shekara 150 ba sabo ba ne, kuma babu wanda yake kiran Liszt keken ɗinki a yau, ko da yake a zamaninsa an kira shi abin da ya fi haka muni.

"Nuna isa ne kawai"

Wannan ita ce sukar da ta fi yawa, kuma ita ce ta Malam. Ana cewa mai saurin yatsa ba ya kiɗa don mai sauraro, yana yi ne don a ce ya iya.

Da farko dai, ban san sana'ar da ba a nuna isa a cikinta ba. Mahayin da ya sako doki a guje ranar hawan daushe, ya ja linzami ya tsaya cak a gaban sarki, nuna isa yake yi, kuma saboda ita muka fito kallo. Mai ɗinkin babbar riga da ya cika gabanta da aska takwas, alhali aska biyu ma ta wadatar, nuna isa yake yi. Ba ma cewa aikinsa ba shi da rai don zaren ya yi yawa. Abin da muke dubawa shi ne ko zanen ya tsaru, ko kuma an cika zare ne don a ɓoye rashin iya yanka.

Da wannan ma'auni nake so a auna Eddie Van Halen. An haife shi a Amsterdam a 1955, mahaifinsa makaɗi ne, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Iyalin suka koma Pasadena a Kalifoniya a 1962, inda aka sa shi koyon fiyano, ya riƙa cin gasa alhali bai iya karanta rubutun kiɗa ba, kunne da kallon hannun malami kawai yake bi. A 1978 ƙungiyarsa ta fitar da faifanta na farko, a ciki akwai wani kiɗa mai suna "Eruption" wanda bai wuce minti ɗaya da daƙiƙa 42 ba. A ƙarshensa Van Halen ya saki abin kaɗawa, ya ɗora yatsan hannun dama a wuyan jitar yana dannawa tare da na hagu, kamar mai buga fiyano, sautuka suka riƙa kwarara uku-uku. Ba shi ya ƙago wannan dabara ba, Steve Hackett na ƙungiyar Genesis ya riga shi da shekaru. Amma shi ne ya nuna cewa za a iya gina tafiya da ita: jerin sautukan yana hawa, yana matse mai sauraro, yana jinkirta sauka har sai numfashi ya ɗauke, sannan ya sake shi. Wanda ya ce babu motsin rai a nan, ina ganin bai saurara har ƙarshe ba.

Da yawa daga cikinmu mun ji Van Halen ba tare da mun san sunansa ba, domin shi ne ya buga jitar da ke tsakiyar "Beat It" ta Michael Jackson a 1982, kuma bai karɓi ko sisi ba.

Sai Randy Rhoads, wanda labarinsa ya fi taɓa ni. Mahaifiyarsa tana da makarantar koyar da kiɗa a Los Angeles, a can ya tashi, a can ya fara koyarwa tun yana matashi. Mawaƙin rok ɗan Ingila Ozzy Osbourne ya ɗauke shi, suka yi faifai biyu a 1980 da 1981. Ga mutum ya samu suna, dubban jama'a suna yi masa ihu kowane dare, amma idan suka sauka a gari sai ya nemi malamin jitar gargajiya ya biya kuɗi a ba shi darasi. Yana ma shirin ajiye yawon wasa ya koma makaranta. A cikin faifan farko ya saka wani ɗan gajeren kiɗa mai taushi, ba ganga ba hayaniya, ya sa masa sunan mahaifiyarsa, "Dee". Ya mutu a haɗarin ƙaramin jirgin sama a jihar Florida ranar 19 ga Maris 1982, yana da shekara 25. Mai neman a ce ya iya ba ya zuwa ya zauna gaban malami bayan duniya ta gama ce masa ya iya.

Inda Malam yake da gaskiya

Ba zan ɓoye ba, akwai lokacin da abin ya zama gasar gudu. Wani Ba'amurke mai suna Mike Varney ya kafa kamfanin faifai na Shrapnel a 1980, yana kuma da shafi a mujallar Guitar Player inda yake tallata matasan da suka aiko masa da kaset. Ta wannan hanya ya gano Malmsteen, ya kawo shi Amurka yana ɗan shekara 19. Malmsteen ya ce yana da shekara bakwai ya ga Hendrix a talabijin ranar da aka sanar da mutuwarsa a 1970, daga baya kuma ya ga wani mai goge yana buga kiɗan Paganini, sai ya ƙudura cewa abin da goge ya yi jita ma za ta yi. Ya rarake katakon da ke tsakanin matakan wuyan jitarsa domin yatsa ya riƙe tsirkiya ba tare da ya taɓa itace ba, ya kuma rungumi wata matakalar sauti mai hawa bakwai da ke da wawakeken tazara kusa da ƙarshenta, wadda ke sa kunnenmu ya tuna da kiɗan Larabawa. Faifansa na 1984, Rising Force, ya girgiza masu jita a duniya.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ke biyo bayan duk wanda ya buɗe sabuwar kasuwa. Idan mutum ɗaya ya buɗe shagon cajin waya a layi ya samu ciniki, kafin wata uku shaguna goma sun buɗe. Tsakanin 1986 da 1989 faifan masu saurin yatsa suka cika kasuwa, makarantar koyon jita ta Hollywood da aka buɗe a 1977 ta cika da ɗalibai, kaset ɗin bidiyo na koyarwa suka yawaita, samari suka kulle kansu a ɗaki suna atisaye da na'urar ƙidayar bugu, kullum ana ƙara mata sauri. Michael Angelo Batio ya fito da jita mai wuya biyu, daga baya mai wuya huɗu. Paul Gilbert, wanda gwani ne na haƙiƙa, ya riƙa ɗaura abin kaɗawa a bakin na'urar huda katako ta lantarki yana buga tsirkiya da ita, ko da yake shi da raha yake yi. Da Malam ya ga wannan, da ya ce keken ɗinkin ma an saka masa inji.

Shi kansa Malmsteen ba na wanke shi duka. Ya sha faɗin cewa bai yarda ƙanƙanta abu yana ƙara masa kyau ba, a wurinsa yawa shi ne yawa, kuma faifansa na baya-bayan nan suna maimaita abin da ya riga ya faɗa tun yana saurayi. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma a nan ya haifi gundura.

Amma a cikin wannan tururuwar ne Jason Becker ya fito. Yana ɗan shekara 18 zuwa 19 ya fitar da Perpetual Burn a 1988, a ciki akwai "Air", inda layukan sauti biyu zuwa uku suke tafiya tare, kowanne da hanyarsa, suna haɗuwa suna rabuwa irin yadda Bach yake saƙa nasa. David Lee Roth, tsohon mawaƙin ƙungiyar Van Halen, ya ɗauke shi aiki, wanda a lokacin shi ne gurbin da kowane mai jita yake mafarki. Yana cikin aikin faifan sai ƙafarsa ta fara rauni, likitoci suka gano yana da cutar ALS mai kashe jijiyoyin motsi, suka ce shekaru uku zuwa biyar suka rage masa. Ya rasa tafiya, ya rasa hannu, ya rasa magana. Mahaifinsa ya tsara masa hanyar harhaɗa haruffa da motsin ido, kuma da idon nan ya ci gaba da tsara kiɗa a kwamfuta, har ya fitar da faifai a 2018, wasu gwanaye suka buga masa abin da ya rubuta. Idan da yatsu ne kaɗai abin da yake da shi, da ranar da suka tsaya kiɗan ya tsaya.

"Zanen aro ba ya rufe katara"

Masana rubutaccen kiɗa suna da tasu sukar. Sun ce waɗannan samari sun tsinci ado ne suka bar gini: sun ɗauki gudu da jerin sautuka, amma ba su ɗauki dogon tsarin da ke sa kiɗan Bach ya tsaya da ƙafarsa na minti ashirin ba. Wannan gaskiya ne a mafi yawan lokuta. Sai dai ban ga laifin ba, domin ba su ce za su zama Bach ba, waƙar rok ta minti biyar suke yi. Bach ɗin da kansa ya zauna ya kwafe ayyukan Vivaldi na goge ya mayar da su na ogan da makamantansa domin ya koyi salon Italiyawa. Aro ya zama naka ranar da ka yanka shi daidai jikinka.

Sukar da ta fi min ciwo wata ce dabam. Wasu daga cikin masoyan wannan salo suna magana kamar dangantaka da Bach ce ta wanke rok daga ƙasƙanci, kamar buluz ƙauyanci ne da aka waye aka bari. Akwai wani fim na 1986 mai suna Crossroads, wanda gaba ɗayansa a kan buluz ne da almarar Robert Johnson, makaɗin buluz na jihar Mississippi da ake cewa ya sayar da ransa ga shaiɗan, amma a gasar ƙarshe yaron da ake goyon baya ya kayar da abokin karawarsa, wanda gwanin jita Steve Vai ya fito a matsayinsa, da wani kiɗa da aka gina a kan na Paganini. Wato aka yi doguwar tafiya zuwa Mississippi don a nuna cewa maganin yana Turai. Wannan tunani ba na tare da shi ko kaɗan. Lanƙwasa tsirkiya, da girgiza sauti, da dusasshiyar murya, da ma tsayuwar mutum ɗaya ya yi kuka da jita a gaban jama'a, duk gadon buluz ne, kuma idan aka cire su daga kiɗan Malmsteen abin da zai rage darasin makaranta ne. Ya kamata a kuma tuna cewa ɗaya daga cikin mafi ilimin wannan zamani, Tony MacAlpine, baƙar fata ne da ya taso da horon fiyano, wanda a faifansa na 1986 ya ajiye jita ya buga aikin fiyano na Chopin da hannunsa.

Game da hotunan ƙoƙon kai da maganganun shaiɗanci da wasu ƙungiyoyin metal, wato rok mai nauyi da ƙara, suke ado da su, ba na kare su, kuma batun hukuncin kiɗa na bar wa malamai. Magana nake yi a kan sana'ar hannu, kuma yawancin ayyukan da na ambata ba su da kalma ko ɗaya a ciki.

"Ai tuni aka binne shi"

A watan Satumba na 1991 ƙungiyar Nirvana ta fitar da Nevermind, kuma a Janairun 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a Amurka. Kiɗa ya canza, rawa ma ta canza. Ƙwarewa ta zama abin kunya, har ta kai a 2003 ƙungiyar Metallica ta fitar da faifai guda cur babu gurbin da jita ke fitowa ita kaɗai ko ɗaya a ciki. Masu sharhi suka ce an yi jana'iza.

Kasuwar Amurka ce ta juya baya, ba duniya ba. A Japan ba a daina cika zauruka ba, har Marty Friedman, tsohon abokin wasan Becker wanda ya yi shekaru goma a ƙungiyar Megadeth, ya tattara ya koma can da zama a 2003. A Finlan aka samu ƙungiyoyin wannan salo irin su Stratovarius da Children of Bodom, a Italiya Rhapsody, a Amurka kanta Symphony X. Da intanet ta zo kuwa, darasin da a da sai ka sayi kaset ko ka je Hollywood ya shigo wayar kowa, abin da ake ɗauka mu'ujiza a 1984 ya zama abin da yara 'yan shekara goma sha suke bugawa a ɗakin kwanansu. Dabarun sun narke cikin jitar zamani har an daina kiransu da suna.

"Mu ina ruwanmu"

Wani a majalisar ya yi wannan tambaya, kuma tana da amsa. Tosin Abasi, wanda aka haifa a Washington a 1983, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma yana cikin waɗanda ake ganin su ne magadan wannan layi. Jitarsa tsirkiya takwas gare ta, ƙungiyarsa Animals as Leaders ba ta da mawaƙi, kuma a 2016 ya yi yawon wasa a dandamali ɗaya da Malmsteen da Steve Vai.

Na kusa da mu kuma shi ne Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, bahago, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar burkin keke. A Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da salon na'urar gyaran murya irin na waƙoƙin Hausa na lokacin, waƙoƙin suka yaɗu daga waya zuwa waya a faɗin Sahel. Daga baya ya ga bidiyon Van Halen, ya ɗauki dabarar danna tsirkiya da hannu biyu, ya juya ta ta dace da kiɗan Abzinawa na bikin aure a Agadas. Bai ɗauko Bach ba, bai kuma buƙace shi ba. Ya ɗauki abin da ya yi masa daga hannun wanda shi ma ya ɗauko daga fiyano, ya yanka daidai jikinsa, kuma yanzu Turawa ne suke biyan kuɗi su kalli yatsunsa.

Daren jiya na koma majalisa da waya cike da caji. Na ce, "Malam, a yi min haƙuri da minti biyar." Na sa masa "Black Star", wadda Malmsteen ya buɗe ta da jita marar lantarki a hankali, kafin ganga ta shigo, kafin jitar lantarkin ta fara jan sauti ɗaya tana riƙe shi. Wannan karon bai mayar da wayar ba sai da kiɗan ya ƙare. Ya ɗan yi shiru, ya ce keke dai keke ne, amma wannan telan ya san awo. Daga nan ya ce a sa masa Ɗan Maraya Jos, wanda kuntiginsa tsirkiya ɗaya ce tak, aka sa masa.